Mikiya da Hoton Inna

Mijin ƙanwata ba mugu ba ne, wannan kam zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ji abu da safe, kafin azahar ya zama malaminsa. Ya yi kiwon kaji, kajin suka mutu, ya ce iri ne marar kyau. Ya buɗe shagon gyaran waya, har yau akwai wayar da in an kira ta fitilarta ce ke kunnuwa. Da wannan ma ta watse sai ya sayar da babur ɗinsa, ya sayo kyamara, ya kama shagon da ke jikin nawa inda nake ɗinki. Ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: IDON MIKIYA, ga lambar wayarsa a ƙasa. Daga ranar duk layinmu Mikiya ake ce masa, shi kuwa yana amsawa har da gyara wuyan riga, bai san tsiya ake masa ba.

Wata biyu yana ɗaukar hoto irin na kowa, muna zaune lafiya. Sai wata safiya ya faɗo mini shago ba sallama, rungume da wani abu a cikin tawul kamar jariri.

"Yaya, ajiye almakashin nan ki ga abin da ko a mafarki ba ki taɓa gani ba."

Na ce, "In kaza ce mayar da ita, na gaji da jana'iza."

Ya buɗe tawul. Gilashin kyamara ne, ƙato, kamar gwangwanin madara babba. Ya ɗaura shi a jikin kyamarar, ya ɗauki kofin shayina ya ɗora a kan keken ɗinki, ya durƙusa, ya karkace, ya danna. Ya juyo mini da bayan kyamarar.

To, gaskiya ɗaya ce, hoton ya yi kyau. Kofin ya fito tangaran, har tururin ana gani. Tarkacen shagona kuwa, yadudduka da ƙyallaye da tsohuwar fanka, duk sun narke sun zama launi mai laushi. Ƙwan lantarkin da ke bango ya koma wani ƙwallon haske zagaye sumul. Na yi kuskure na ce, "Kai, ya yi kyau." Da na san abin da wannan kalmar za ta haifa, da na ɗinke bakina da keken.

"Kin gani?" in ji shi. "Wannan shi ake kira narkewar baya. A cikin gilashin nan akwai wata ƙofa da haske ke shiga. In ka wangale ta gaba ɗaya, abu ɗaya ne zai fito, sauran duniya ta narke. Manyan masu hoto ba sa tsuke ta. Tsukewa aikin matsorata ne."

Da ya ce matsorata sai ya nuna tsallaken titi da haɓa. A can Baba Mai Hoto yake, dattijon da ya shekara arba'in yana wannan sana'a, wanda shi ya ɗauki hotunanmu tun muna da majina a hanci. Ya ji hayaniya ya tsallako a hankali, ya karɓi kyamarar ya jujjuya.

"Gilashi mai kyau ne," in ji shi. "Amma ɗana, ƙofar nan an yi ta ne a buɗe a rufe. In ka wangale ta, wurin da zai fito sosai bai fi kaurin yatsa ba. Mutum ɗaya, fure ɗaya, to. In mutane sun yi yawa, ko kana son a ga wurin, sai ka murza wannan zoben ka tsuke bakin."

Mikiya ya karɓe abinsa yana murmushin tausayi. "Baba, zamaninku ya yi ƙoƙari. Ku kuna ɗaukar mutum da bango da bokiti da akuyar maƙwabta. Mu mutum kawai muke ɗauka."

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa." Ya koma shagonsa.

Wanda ya fara shan ukuba mai askin layinmu ne. Ya kashe ƙarfinsa ya gyara shago, sababbin kujeru, madubi tun daga sama har ƙasa, yana so a ɗauke shi a tsakiya ya yi talla. Da hoton ya fito sai ga gashin bakinsa, kana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Bayansa kuwa ba ka ganin komai sai hazo.

"Ina shagon?" in ji mai aski.

"Ya narke."

"Ya narke? Kitse ne? Kujerun nan sati uku ina jiran kafinta!"

"Ai kai ne tallar, ba kujera ba."

"To wa zai zo aski wurin gashin baki a cikin hayaƙi? Matata cewa ta yi gobara aka yi!"

Bayansa sai wani direba da ke son ɗan ƙaramin hoton takardar tuƙi. Aikin minti biyar a wurin Baba. Mikiya ya janye shi da daɗin baki, ya zaunar da shi, ya matso har gilashin na neman taɓa masa fuska. Washegari direban ya dawo yana huci, an koro shi daga layin ofis bayan ya yini a tsaye.

"Sun ce ba ni da kunne!"

"Kunnen yana nan, laushi ya yi."

"Ni na ce maka ina son kunne mai laushi? Sun ce hancin dai nawa ne, amma sauran ba su da tabbas!"

Ni ma ban tsira ba. Na ɗinka wa wata mata doguwar riga, kwana tara ina yi mata ado a wuya da hannu, na ce ya ɗauka mini in nuna wa masu zuwa. Maɓalli ɗaya ya fito. Maɓallin da ba ni na yi ba, saye na yi a kasuwa.

Kowa ya yi ƙorafi amsarsa ɗaya ce: idonku bai waye ba. Sai kuma ya shiga haukan ƙwallon haske. Ya sayo igiyoyin ƙananan fitilu ya zagaye shagonsa da su, ya jona su duka a soket ɗaya tare da abin dafa ruwa. Ƙarfe huɗu na yamma muka ji tau! Wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Mai aski ya fito da wani bawan Allah an aske masa rabin kai, mai sayar da ƙanƙara ya fito yana salati. Mikiya ya leƙo da toka a gira ya ce laifin kamfanin wuta ne, wayoyinsu ba su kai matsayin aikinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda na gani da idona ranar wata Laraba. Na shiga aron tsintsiya na tarar da shi yana ɗiga gam a kan zoben gilashin, irin gam ɗin nan da ke manne yatsa.

"Me kake yi haka?"

"Jiya hannuna ya goge shi, ya tsuke ban sani ba. Hoton ya fito kamar na Baba, komai a fili, abin kunya. Yanzu ko ni ban isa in tsuke shi ba."

Na ce, "Mai hoton ya ce me?"

"Wai ya ji daɗi. Ai kin ji, bai waye ba."

Na ɗauki tsintsiyata na fita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ban taɓa ganin wanda ya sa wa ƙuƙuminsa gam ba sai shi.

Duk wannan wasa ne. Ga inda abin ya zo gida.

Innarmu ta shekara talatin tana koyarwa a firamare, mace ce da ke hango yaron da ke cin gyaɗa a kujerar ƙarshe. Shekara uku da suka wuce yanar ido ta rufe mata gani. Tana jin muryarmu, tana ganin inuwarmu, shi ke nan. Likita ya sa ranar aiki. Saboda haka Yaya Babba, wanmu da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, ya ɗauko hutu ya zo da matarsa da 'ya'yansa uku. Shekara tara rabonsa da gida, ƙananan biyun ma Inna ba ta taɓa sa su a ido ba. Auta ya zo daga makaranta, sauran ma kowa ya kwaso iyalinsa. Mu shida muka cika, abin da ba a yi ba tun rasuwar mahaifinmu.

Sai asibiti suka ɗaga aikin da kwana goma. Hutun Yaya kuwa saura kwana huɗu, kuma wurin aikinsa ba sa jin roƙo.

Aka gaya wa Inna. Sai ta ce, "To ku yi mini abu ɗaya. Ku taru a ɗauke ku hoto, ni a tsakiya, kowa da kowa. Babba nake so. Ranar da aka buɗe mini ido shi zan fara kallo in na dawo gida, in ga jikokina yadda Allah ya yi su."

Na ce, "Bari in kira Baba Mai Hoto."

Mikiya ya miƙe kamar an tsikare shi. "Haba Yaya! Da suruki mai kyamara a gida a je a ɗauko bare? Inna, ki bar mini wannan. Zan yi miki hoton da in kin gani sai kin yi kuka."

Wannan alkawarin kam ya cika shi.

Na yi musu, na kawo maganar mai aski, na kawo ta kunnen direba. Ƙanwata ta fara matsar ƙwalla wai kullum ana raina mata miji. Yaya Babba bai san hali ba, ya ga ƙaton gilashi ya ce ai da gani wannan ƙwararre ne. Inna ta ce a bar shi, ɗa ne shi ma. Na haƙura, amma a ɓoye na gayyaci Baba, na ce ya zo ko shayi ya sha.

Ranar Asabar da hantsi muka jeru a ƙofar gida, mu talatin da ɗaya, sahu uku. Inna a kujera a tsakiya, ƙaramin jikan da ba ta taɓa gani ba a cinyarta, tana ta shafa masa fuska da yatsu. Abu na farko da Mikiya ya yi shi ne ya zaga da kwando.

"Kowa ya sa wayarsa a nan. Ba na aiki ana ɗaga mini waya a baya, yana kashe mini basira."

Auta ya ce, "Ko guda ɗaya a bari saboda tsaro?"

"Tsaron me? Likita yana aiki kana riƙe da reza saboda tsaro?"

Aka tara wayoyi, ya kai su ɗaki ya rufe.

Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya leƙa. Gilashin nan irin mai jawo abu kusa ne, mutum huɗu kawai suka shiga. Ya ja baya. Bakwai. Ya ƙara ja, ya fita titi. Wani mai keke ya kauce masa da ƙyar yana tambayarsa ko gidan ubansa ne. Ya ƙara ja, idonsa manne a kyamara, har ƙafarsa ɗaya ta zurma cikin kwata. Ya zaro ta ba takalmi. Yara suka kwashe da dariya, Inna tana tambaya, "Me ya faru? Me ya faru?" Na ce mata basira ce ke sauka.

Sai da ya dangana da bangon tsallaken titi sannan muka shiga duka. Daga nan in zai yi magana sai ya yi ihu.

"Na dama ku matso! Ba ku ba, damata! Mai koren mayafi, sauke haɓa!"

Baba Mai Hoto ya ajiye kofinsa ya bi shi can. Ina jiyo su.

"Ɗana, sahu uku ne. Tsuke bakin."

"Ba ya tsukuwa."

"Kamar yaya?"

"Na gyara shi."

Baba ya taɓa zoben, ya ji gam, ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. "To tunda haka ne, daga nesan nan wataƙila ka sha. Saita a kan fuskar Inna, kada ka ƙara taɓa komai. Ka tafi cikin 'yan'uwanka, ni zan danna maka."

"Ka danna? A ce hoton Idon Mikiya wani ne ya danna? Baba, koma ka sha shayinka kada ya huce."

Baba ya dawo ya zauna, ya ɗauki kofinsa.

Mun yi minti arba'in a rana. Jarirai sun fara kuka, matar Yaya kwalliyarta ta fara zuba. Muna cewa an gama, sai muka ga Mikiya ya ruga shagonsa, wanda ba shi da nisa, ya dawo da wani ƙaramin allon tallarsa mai sanda. Ya kafa shi taku biyu a gaban kyamara, ta gefe.

Na ɗaga murya, "Wannan kuma na mene ne?"

"Hatimi! Zai fito a kusurwa ta ƙasa, ɗan ƙarami. Duk wanda ya zo gaida Inna ya san wanda ya yi aikin."

"A hoton uwarmu za ka yi talla?"

"Yaya, ki gyara tsayuwa, kina ɓata mini sahu."

Ya saita agogon kyamara a daƙiƙa goma don shi ma ya shiga. Ya danna, ya kwasa da gudu da takalmi ɗaya, ya tsallake kwata, ya kauce wa mai kura, ya faɗo gefen matarsa yana haki, ya dafa ƙugu. Kyamara ta yi ƙyat daga can.

"A ƙara ɗaya," in ji Yaya Babba.

"Maharbin ƙwarai harsashi ɗaya yake sawa," in ji Mikiya.

Bai rufe baki ba mai kurar nan ya juyo da kayansa, gefen kurar ya shafi ƙafar kyamara, ta kife. Mikiya ya yi wata ƙara ya ruga. Gilashin bai fashe ba, don mugun abu ba ya mutuwa da wuri, amma allon bayan kyamara da ake duba hoto ya tsage ya yi baƙi. Ya zaro ɗan katin da ke ciki ya ɗaga sama kamar ya ciwo kofi.

"Hoton yana nan! Ku watse, an gama."

Kafin a fito da wayoyi Inna ta gaji an shigar da ita, yara sun tuɓe kayan ado, masu nisa sun fara haramar tafiya. Ranar Litinin Yaya Babba ya hau jirgi da iyalinsa.

Aka yi wa Inna aiki lafiya. Da aka cire bandeji ta dube ni ta ce, "Ke, yaushe kika yi furfura?" Na fashe da kuka don daɗi. Likita ya ja mata kunne: in ta ga hazo ya dawo, ko na minti ɗaya ne, a maido ta da gaggawa.

Mikiya kuwa bai zauna ba. Ya bi layi shago-shago yana gayyata, a zo a yi wa Inna barka, a kuma ga abin da ake kira hoto. Da la'asar falon Inna ya cika. Ga mai aski, ga direba, ga mai ƙanƙara, ga Baba a kusurwa, ga matan maƙwabta har bakin ƙofa. Mai wankin hoto da kansa ya kawo shi a mota, an sa shi a firam, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki, an naɗe da takarda. Na lura mutumin yana ajiyewa ya nemi hanyar fita, Mikiya ya riƙe shi ya ce ya tsaya ya sha yabo.

Aka jingina hoton a bango, aka rufa masa zanin gado. Mikiya ya yi jawabi. Ya ce akwai masu ɗaukar hoto, akwai masu hoto. Ya ce wasu sun shekara arba'in suna danna maɓalli ba su taɓa ɗaukar rai ba. Baba yana ta kallon silin. Inna tana zaune a gaba da baƙin tabarau na asibiti.

"Ɗana, taƙaita," in ji ta. "Shekara uku nake jira."

Ta cire tabarau. Ya yaye zanin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ke cikin firam ɗin hazo ne, hazo mai launi-launi, ja a nan, kore a can, wasu dunƙule-dunƙule a jere kamar an jiƙa zane ya zuba. Babu fuska ko ɗaya. Babu ido, babu hanci, ko gashin bakin da mai aski ya samu mu ba mu samu ba.

Inna ta ƙifta ido. Ta ƙara ƙiftawa. Sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ya dawo! Hazon ya dawo! Ku nemo mota, ku mayar da ni!"

Wuri ya hargitse. Ƙanwata ta fasa ihu, direba ya zabura yana laluben makulli, wata maƙwabciya ta kawo ruwa ta rasa wanda za ta ba. Na durƙusa a gaban Inna na kama fuskarta.

"Inna, dube ni! Ni kike gani ko hazo?"

Ta dube ni. "Ina ganinki. Ga furfurarki nan."

"To ba idonki ba ne."

Ta juya a hankali ta sake kallon hoton. Ta kai idonta ƙasa, kusurwar dama. A nan abu ɗaya ya fito, ya fito fes, har sawun burushin mai fenti kana gani, har wani ƙuda da ya sauka a kai ana iya ƙirga ƙafafunsa. Kuma ba ɗan ƙarami ba ne, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Inna ta karanta da muryarta ta aji, daga inda take zaune:

"Idon Mikiya." Ta bi lambar wayar ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Alhamdu lillahi," in ji mai aski. "Ido kam ya yi. Likita ya iya aikinsa."

Wani ya tuntsire da dariya a bakin ƙofa, sai ta kama ko'ina. Mikiya ya yi tsalle ya nuna mai wankin hoto.

"Shi ne! Injinsa ne ya ɓata mini aiki!"

"Kai, ji tsoron Allah," in ji mutumin. "Ban kira ka ba? Ban ce maka ka zo ka duba, duk ya yi dishi-dishi ba? Me ka ce mini?"

Mikiya ya kau da kai.

"Cewa ka yi idona bai waye ba, haka ake so, in buga mafi girma. Sau biyu na kira ka. Na biyun ma kashe wayar ka yi."

"To kyamarar ce, faɗuwar da ta yi..."

"Ta ɗauka kafin ta faɗi," in ji Baba daga kusurwa, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka saita a kan Inna daidai. Da ka kafa allon ka sake dannawa, sai ta kama abin da ya fi kusa da ita. Da bakin a tsuke yake, da ko yaya an gane mutane. Kyamara ba ta yi laifi ba, ɗana. Abin da ka sa a gaba shi ta ɗauka."

Direba ya ce, "Ni dai na gode Allah, ni na samu hanci."

Mikiya bai saduda ba, shi fa har yanzu yana neman mafita. Ya gyara wuyan riga ya ce, "In aka kalle shi ta fuskar fasaha, wannan yana nuna yadda iyali ke narkewa su zama abu ɗaya..."

"Zo nan," in ji Inna.

Dariya ta tsaya. Ya matso.

"Nuna mini matarka."

Ya duba, ya duba, ya ɗora yatsa a kan wani dunƙule mai ruwan hoda. Ƙanwata ta ce cikin kuka, "Ni shuɗi na sa." Wanda ya nuna labulen taga ne.

Inna ta miƙe, na riƙe mata hannu, ta je har gaban hoton. Ta kai yatsa tsakiya, kan wani fari-fari da ya kamata ya zama ita, ta gangaro kan ɗan tabon da ke cinyarsa. Ta daɗe tana shafa gilashin firam ɗin.

"Wannan ne ƙaramin?"

Ni kam ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma wallahi da almakashina na kusa da ban san abin da zan yi ba.

Ta juyo ta dubi Mikiya da sabon idonta, tun daga sama har ƙasa.

"Shekara uku haka nake ganin 'ya'yana," in ji ta. "Na kwanta an yanka mini ido don in daina. Kai kuma ka ɗauko shi ka sa mini a firam."

Mikiya ya sunkuyar da kai, a karon farko tun da na san shi bai gyara wuyan riga ba. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Na ce a fitar da abin a jefar, Inna ta ce a'a, a kafa mata shi a bangon da ke kallon gadonta.

Yana nan har yau. Jikokin tana ganinsu a waya, ɗaya-ɗaya, in sun yarda sun tsaya wuri ɗaya. Yaya Babba ya ce wataƙila ya sake zuwa nan da shekara uku. Gilashin kuwa Baba ya kwana biyu yana kankare gam ɗin, Mikiya na tsaye a kansa yana ba shi shawara.

Likita ya ce Inna ta riƙa gwada idonta kullum da safe. To ta samu abin gwaji. Tana idar da sallar asuba, gari na fara haske, sai ta zauna a bakin gado ta karanta lambar nan daga nesa, ta danna ta a wayarta. Ƙanwata ta ce ko ya toshe kunne da matashi sai ta miƙa masa, don ba a ƙin ɗaga wayar suruka.

"Ɗana, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To madalla. Idona ƙalau. Yau ma na duba, kai kaɗai nake gani."